Abin da Asibi Ta Bari a Gindin Rumbu

"Lahiya lau munka kwana, kuma da lahiyarmu muke zaune har lokacin da kay yi sallama."

"Madalla. Ni ma garau nib baro Birnin Tsaba, sai da nih hango huskarki gwiwata ta riƙe. A ba baƙo tabarma, ko sai na kai ƙara?"

"Baƙo shi na wanda anka yi marmari. Kai ko kajin gidan ga sun san tahiyarka."

Haka Azumi da Tambari suke gaisawa tun ba su iya ɗaura zane da wando ba, kuma yanzu da kowannensu ya ba sittin baya ba su ga dalilin sake hali ba. Taubasai ne, uban Azumi da uwar Tambari ciki ɗaya suka fito. Shi tsohon dillalin shanu ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kasuwar Shinkafi yana rantsuwa a kan halin dabbobin da ranar ya fara ganinsu, har bakinsa ya saba, ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka ciniki ne. Ita kuwa tun rasuwar mijinta take zaune a Banga, nan wajen Kaura Namoda, a gidan ɗanta na fari Armiya'u, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mai gidan ga".

Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ta kawo ruwa, ta kawo fura. Da ta ajiye kwanon ba ta gargaɗe shi kada ya haɗiye ludayin ba, Tambari ya san da magana. Ita ce ta aika a kira shi, alhali a iya saninsa ba ta taɓa aika masa ya zo ba, shi ke kawo kansa.

Shekarar ce aka yi shelar Shari'a a Gusau, jihar ma ba ta wuce shekara uku da yankewa ba. Ko'ina ka zauna maganar ke nan, a masallaci, a tasha, a bakin rijiya. Mutane suka shiga binciken kansu da kansu. Wani ya kwance gurun da ya gada, wani ya tone abin da kakansa ya binne a bakin zaure, ba don an zo an tsare shi ba, sai don zuciyarsa ta daina kwanciya da abin. Ana cikin haka aka gama yankan gero. Armiya'u ya shiga rumbu zai share, ya fito da wani ƙunshi na tsohon saƙi wanda ake ajiyewa a gindin hatsi kowace shekara kafin a fara jera dammuna. Ya san da shi tun yana yaro, bai taɓa tambaya ba. Bana sai ya kwance. Abin da ya gani ya sa ya zo ya durƙusa gaban uwarsa, kansa a ƙasa, ya ce ba zai ɗora ko dami ɗaya a kan wannan abu ba, kuma in ta yarda zai sa masa wuta. Ta roƙi kwana uku. Yau ne na ukun, ya tafi Kaura sayen igiya, da la'asar zai dawo, ga dammunan nan jibge a tsakar gida awaki suna zagaya su.

Ba ƙonawar ce ta hana Azumi barci ba. Abin na kakarsu ne, Asibi, matar Mahmuda wanda ake kira Sarkin Noma a ɗan ƙauyensu can gefen Birnin Tsaba. A shekarar yunwar 'Yar Gusau, Azumi tana da kamar shekara takwas, gidaje sun watse, an binne yara ba iyaka, amma a gidan Mahmuda ba a taɓa wuni ba a ɗora tukunya ba, kuma ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Mutanen gida suna cewa rumbun Sarkin Noma ne ba ya ƙarewa. Mutanen gari kuwa a bayan ido suna cewa Asibi ce take da abin da ke kawo mata hatsi, shi ya sa take fita daji ita kaɗai kafin gari ya waye. Har ta koma ga Allah akwai matan da ba sa cin abin hannunta. Azumi ta girma tana tinƙaho da maganar farko, tana toshe kunne ga ta biyu. Da ubanta zai rasu ya ba ta ƙunshin ya ce ta riƙa sa shi a ƙarƙashin hatsi, ta karɓa ba ta buɗe ba, don tana tsoron abin da za ta gani. Yanzu in ɗanta ya ƙona shi da sunan kayan tsafi, to an yanke wa Asibi hukunci ke nan a gidan jikarta, kuma naman jikin Azumi da wannan hatsin ya tofo. Duk duniya saura mutum ɗaya da ya ci tuwon shekarar nan tare da ita, shi ne wannan tsohon da ke lasar ludayi.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin a kan faifai, don ba ta son taɓa shi, ta yaye saƙin. Fata ce baƙa wuluk, ta bushe ta ƙandare, tsawonta daga yatsun mutum zuwa saman gwiwar hannu. Gefe ɗaya a buɗe yake, da 'yar igiyar zugewa. Ɗaya gefen an ɗinke shi a jikin wani lanƙwasasshen ƙarfe mai faɗin tafin yaro, bakinsa duk ya cinye. A jikin fatar, musamman wajen ɗinkin, akwai wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo barkatai da Azumi ta ɗauka duwatsun asiri ne. Gaskiya ko mai ƙarfin zuciya ya fara ganinsa sai ya ja baya, don ya fi kama da ƙonannen hannu mai farce ɗaya.

Tambari bai ja baya ba, saboda Azumi tana kallonsa.

"Don wanga kinka sa ni hawan mota da gwiwa guda? Ai na san shi. Hancin ɗan giwa na. Kakana na wajen uba yak kashe uwar da mari, yac cire ma ɗan hanci yay yi jakar taba."

"Kakanka na wajen uba ko akuya ta yi mai atishawa sai ya hau icce."

"To safar Dogo ta, mai ƙahwa guda, wanda ka tsallake gulbin Gagare da taki ɗaya."

"Ƙarhen hwa?"

"Akaihwa tai ta. Bai yankewa."

"Allah shi shirye ka, Tambari. Ka ƙare rayuwarka kana saida ramammun shanu da baki, yau ka zo ka saida mani ƙarya cikin gidana."

"In ba ki sayi wagga ba, akwai ta ukku. Kube na. Asibi ta ga irin halshen da jikanyarta taz zo da shi duniya, tas sa anka ɗunka mai gida. Kuma ga dukkan alamu ya yi maki kaɗan."

Dariya ta kufce wa Azumi ba ta shirya ba, ita ce ta farko a kwana uku. Da ta lafa sai ta gaya masa inda duk ta kai abin. Maƙerin Banga ya ce ba zugazugi ba ne, ƙarfen kuwa guntun tsohuwar hauya ne aka sake lanƙwasawa. Wani tsohon maharbi ya ce ba kwari ba ne, kibiya ba za ta zauna a ciki ba. Wani baduku a kasuwar Kaura ya juya shi ya sake juyawa, ya ce fatar akuya ce, amma ba aikin dukawa ba ne, ɗinkin mace ne, irin wanda ake yi wa fasasshiyar ƙwarya. Kowannensu in ya gama faɗin abin da ba shi ba ne, sai ya miƙo mata da sauri ya goge hannu a riga.

"Kin tambayi maƙeri, kin tambayi maharbi, kin tambayi baduku," in ji Tambari, "sannan kinka tuna da mai ilimi."

"Na tuna da wanda yaf fi kowa ci. Uwarka ta kawo ka gidanmu shekarar nan wuyanka awa zare, cikinka awa tulu. Rumbun kakana yat tashe ka."

"Kakanmu."

"Kakana. Ni ɗiyar namiji ta. Kai cin arziki kaz zo."

"Arzikin mi? Kunun da kullum sai na tauna ƙasa? Haƙorana biyu na gaba can nib baro su. Yau shi hito ja, gobe baƙi, jibi ba ka san mi za ka kira shi ba. Ni ban taɓa ganin gero mai sake riga kullum ba sai gidanku."

"Amma ba ka taɓa maido kwano da saura ba."

"Tsoro ni ka ji kar ki lashe, ki ƙara baki."

Wannan faɗan sun yi shi ya fi a ƙirga, a gidan suna, a gidan biki, har a zaman makoki in mutane sun ragu. Kullum Azumi ke tashi da nasara, don komai tsawon bakin Tambari, ƙarshenta dai shi aka kawo, ita a gida ya same ta. Amma yau da ta ce "rumbun kakana" sai ta ji maganar ba ta zauna mata a baki ba. Ta dubi inuwar rumbu ta ga ta fara miƙewa gabas.

"Tambari, aje wasa. Ka girme ni da shekara biyu. In ka san wani abu, hwaɗa mani tun mai gidan ga bai dawo ba. Asibi ta yi tsahi ko ba ta yi ba?"

Ya ajiye ludayin. Sannan ya gaya mata maganar da uwarsa ta taɓa faɗa masa sau ɗaya, ta kuma hana shi maimaitawa. Wata mata mai zuwa itace ce ta hango Asibi da sassafe can cikin daji, a durƙushe a bakin gidan tururuwa, hannunta ɗaya a cikin ƙasa har kusan kafaɗa, bakinta yana motsi. Daga nan maganar ta tashi. Ai kowa ya san abin da ke kai mutum gidan tururuwa shi kaɗai da sassafe, can masu bori da masu neman asiri suke kai sadakarsu.

Azumi ta dube shi. Ta kira shi ya wanke mata kakarta, ga shi ya kawo shaidar da ta fi ta kowa nauyi. Ta ja saƙin za ta rufe abin, ta ce shi ke nan, yaron ya yi gaskiya, a ƙona. Fuskarta ta tsufa a gaban idonsa. Tambari ya jure zaginta shekara sittin, bai taɓa jin ciwo ba, shirunta kuwa ya kasa jure shi ko na ɗan lokaci. Ya laluba aljihu ya ciro tabaraun da aka ba shi bayan aikin ido bara, wanda yake ji da shi fiye da 'ya'yansa.

"Dakata. Ba a taɓa hidda dabba daga hannuna ban duba haƙora ba. Kawo in yi mai kuɗi, ko masu ƙonawa su san asarar da sunka yi."

"Tabaraun da ko da shi ka gaida kututture."

"Kututturen ya hi ki amsa gaisuwa."

Ya ɗauki abin ya juya shi wajen haske, ya kai shi kusa da hancinsa. Ya sa farce ya kankare ɗaya daga cikin baƙaƙen ɗigon nan, ya ɗora a tafinsa. Ya kankare na biyu. Azumi tana jiran ƙarya ta huɗu, sai ta ji ya kira sunanta ba wasa a muryarsa.

"Azumi, waɗanga ba duwatsu ba na. Kawuna na."

"Kawunan mi?"

"Na tururuwa. Ga baki nan ya kama hwata bai saki ba, jikin ya karye ya bar kan. Sun hi ɗari." Ya cire tabaraun ya miƙa mata. "Wanda yak kai ma tururuwa sadaka, daga tsaye ya ka zubawa shi wuce, ba su cizon mai ba su. Wanda sunka ciza haka, ɗiba yaz zo yi."

Ta sa tabaraun a karkace ta duba. Kawuna ne, ba shakka, kowanne da 'yan ƙahonnin bakinsa a nutse cikin fatar. Tambari ya gwada cusa hannunsa ta buɗaɗɗen gefen, ya tsaya a wuyan hannu, ya ce ai ga shi nan, ba a yi shi don maza masu ƙarfi ba. Ya tura mata. Kwana uku a kan faifai take ɗaukarsa. Ta yi bisimilla ta sa hannu.

Fatar ta yi ƙara, ta buɗe a hankali, hannun ya shige har saman gwiwa kamar an auna ta. Can ƙarshe yatsunta suka tarar da ƙotar ƙarfen a ciki, an naɗe ta da tsumma, tsumman ya lotsa daidai inda yatsu huɗu za su kwanta. Ba ta yi niyya ba, sai ta ga hannunta ya lanƙwashe ya kwarfo ƙasar tsakar gida ya jawo ta gabanta. Da ta zaro hannun, wani gari ya biyo shi ya zube a kan faifai, jar ƙasa, da ƙwayar gero biyu, da ta dawa ɗaya, da 'ya'yan ciyawa iri-iri da suka ƙanƙance.

"A gindin hatsi ya ka kwana," in ji ta, don ba ta son ta yarda da wuri. "Dole a samu gero ciki."

"Jar ƙasa da ɗiyan hakin daji ma gonarku ka nomawa? Shi ya sa kunun ka sake riga. Abin da tururuwa taj jawo, shi munka sha."

Daga nan wasa ya tsaya, kowa ya shiga tono abin da ya sani bai san ya sani ba. Azumi ta tuna kullum da hantsi Asibi takan kira ta bayan ɗaki, ta ba ta man kaɗe ta ce ta shafa mata a kafaɗa da wuya. Wurin duk ya kumbura ya yi rudu-rudu, amma daga gwiwar hannu zuwa yatsu lafiya lau. In ta tambaya sai ta ce sauro ne, ita kuma da yake yarinya ce ba ta taɓa cewa ina sauro ya samu ruwa a tsakiyar rani ba. Ta tuna kowace safiya kakansu da kansa yake hawa rumbu da ƙwarya, ya sauko da ita a rufe da faifai a gaban kowa, bai taɓa barin ko ɗansa ya hau ba. Tambari kuwa ya tuna ranar da yunwa ta sa shi jifan kurciya a kan babban rumbun ƙasa, dutsen ya sami cikin rumbun, ya ji ya amsa kamar an bugi tulun da ba ruwa. Ranar ce kaɗai Mahmuda ya taɓa dukansa.

"Na ɗauka don na jehi rumbu na," in ji shi. "Ashe don na ji abin da rumbun yac ce."

To ga yadda abin yake. Rumbu uku a tsaye a liƙe, ba komai a ciki sai suna. Tonon gidan tururuwa kuwa aikin wanda ya kai ƙarshe ne, wanda ba shi da sauran abin da zai ɓoye. Wasu sun yi shi a shekarar da rana tsaka da hauya, ba wanda ya ga laifinsu, amma ba matar Sarkin Noma ba. In aka ganta, an ga cikin rumbun mijinta ke nan. Sai ta ɗinka wa hannunta riga, ta riƙa yin nisa, ta kwarfo tafi biyu nan tafi uku can, ta dawo ta ba mijin ya hau da shi rumbu a ɓoye ya sauko da shi a sarari, ta haɗa da dusa da ganye ta cika tukunya. Da aka ganta aka yi mata wata fassara, sai ta bar su da ita. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, kuma ta rayu shekara ashirin bayan yunwar ba ta faɗe ta ba.

"Shi Sarkin Noma ya sani ke nan," in ji Azumi.

"Ya sani."

"Ya ji abin da a ka ce mata."

"Ya ji. Kuma uwata ta ce bayan anka kai Asibi, shi da hannunai yan naɗe abin ga cikin zanenta, yas sa shi gindin hatsi. Ɗiyanai sunka gani sunka ɗauka magani na."

Azumi ta yi kuka, ba mai sauti ba, irin na tsofaffi da hawaye ke bin tamojin fuska. Haushin kakanta ya kama ta, mutumin da ta yi shekara sittin tana ɗaga kai da sunansa. Tausayinsa ma ya kama ta, don ta gane kowace shekara yana durƙusawa ya ajiye abin nan ne saboda bakinsa ya kasa faɗin abin da ya kamata ya faɗa. Amma abin da ya fi cin ta kunyar kanta ce. Duk sallar da za ta yi tana yi wa mamatanta addu'a da sunayensu, in ta zo kan Asibi sai ta faɗa da sauri ta wuce, kamar mai tsallake wuta. Matar da ta sa hannu a rami don ita.

Tambari ya bari ta share fuska, sannan ya kawo maganar da ta rage, kuma a wannan karon ba dillali ne ke magana ba. Ya ce ta yi tunani. In ta gaya wa Armiya'u, matarsa za ta ji, gobe Banga ta ji, jibi maganar ta isa Birnin Tsaba, a ce ashe rumbun Sarkin Noma fanko ne, tururuwa ce ta riƙe gidan. Abin da Asibi ta saya da sunanta ke nan za a watsar. In ta ga dama ta ba shi abin ya sa a jaka, ya kai shi can ya binne ba wanda ya sani. Yaro ya huta, hatsi ya shiga rumbu, asiri ya zauna a rufe.

"Ke kuma ki ci gaba da yi mani gori har mu mutu," in ji shi. "Na saba, in kin bari ma sai in yi rashin lahiya."

Maganar ta shige ta, don ba ƙaramin tayi ba ne. Ta dubi abin a kan faifai. In an binne shi a ɓoye, Armiya'u zai tafi da sanin cewa kakar uwarsa matsafiya ce, 'ya'yansa su gada a wurinsa, sunan Asibi ya zama wanda ake sassauta murya in za a faɗa, har a daina faɗa. Asibi ta rufa wa mai rai asiri, mai hawa rumbu a gaban jama'a. Yanzu shi yana kwance, sarautar noma ba ta bi shi can ba. Ita ma tana kwance, kuma abin da zai iya bin ta can shi ne addu'ar jikokin da ba sa tsoron sunanta.

"A'a," in ji ta. "Ta riƙe mai asiri shekara hamsin da bakwai, da ranta da bayan ranta. Ya isa. Shi ma in da za a tashe shi yanzu, ina zaton shi za ya hwara hwaɗi."

"To kin san abin da za ki rasa?"

"Na sani. In za ka tahi ka ɗauki dami guda."

"Na gidanku ko na tururuwa masu shi? In na masu shi na, kai masu da kanki. Sai dai in mai gidan ga ya gan ki kina zuba gero bakin rami, da ke da hwatar za ya haɗa."

Ana haka suka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, sannan sallamar Armiya'u daga zaure. Azumi ta ɗauki abin, da hannu wannan karon, ta sake zura shi har gwiwa, ta ja igiyar da haƙori ta zuge.

"Tambari."

"Na'am."

"Rumbun kakanmu ya ƙare shekarar nan. Ba ka ci arzikinmu ba. Ni da kai duk baƙi muke, tare munka ci na tururuwa."

Ya kai hannu bayan kunne. "Sake hwaɗi. Wanga kunnen tun bara bai aiki."

"Gyara shi. Yanzu za ka ji na biyu, da ƙarhi."

Tambari ya fashe da dariya har hularsa ta zame, yana yi yana goge ido da hannun riga, ba za ka ce ga na dariya ga na kuka ba. Ita ma ta taya shi. Armiya'u ya shigo da igiya a kafaɗa, ya tsaya cak da ya ga abin da ke hannun uwarsa. Ta ɗaga masa shi sama, ƙarfen yana fuskantarsa.

"Aje igiyar, zo ka zamna," in ji ta. "Kahin ka kunna wuta, gaida hannun da yac ciyar da uwarka."